Butar Pa Latir

Kafinta ya cusa ƙarfe tsakanin ƙofar da bango, ya danna, sakatar ta fita da guntun katako a jikinta. Ya ja da baya, bai leƙa ba. Mutanen da suka taru a kan matakalar benen suka juyo suna duban Pa Latir. A unguwar nan in an ɓalle ƙofa aka ji shiru a ciki, shi ke shiga.

Ya tuɓe takalmi ya shiga. Saurayin yana kwance a katifa, ya lulluɓa da tawul, gwiwoyinsa a naɗe kamar mai jin sanyi. Fanka na ta juyawa a kansa. Littattafai a ƙasa, ga kofin shayi da ƙuda a ciki. A jikin ƙusa an rataye farar riga gogaggiya, an riga an ɗaura mata laktaye a wuya, sakawa kawai ta rage. Pa Latir ya durƙusa ya taɓa wuyan yaron, ya ɗaga hannunsa ya ji yadda ya sandare. Tun yana da baƙin gemu yake wankan gawa a masallacin unguwa, ba sai likita ya gaya masa ba. Ya ja tawul ɗin ya rufe fuskar.

Ya saba in ya rufe fuskar mamaci ya ɗaga murya da salati, na waje su ji su amsa. Yau bai yi ba. Ya kashe fankar, ya fito ya sa takalminsa.

"Ya tafi," ya ce. "Ba ma yau ba."

Madam Filomen, wadda ta lura yaron bai sauko ba ta sa aka kira kafinta, ta zauna daɓas a kan matakala. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta tana kiran sunansa a hankali, Kiristof, Kiristof. Kafin azahar 'yan kwana-kwana suka zo da motarsu, suka sauko da shi a naɗe, suka kai asibiti. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, da an kawo shi da wuri da allura ta wadatar.

Gidan haya ne a Gran Yof, wata unguwa a birnin Dakar, bene hawa ɗaya, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, famfo guda a tsakiya. Ɗakin Pa Latir Fay yana ƙasa, ƙofarsa na kallon famfon da matakala. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana dako a tashar jirgin ruwa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, ya ƙi bin kowa. Madam Filomen Jata tana ɗakin da ke jikin nasa, sana'arta suyar kifi a bakin titi. Shi ɗan ƙabilar Serer, ita 'yar ƙabilar Jola, abokan wasa tun kakanni. Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba ta kira shi bawanta ba, shi kuma ya ce ta zo ta share wa ubangidanta ɗaki kafin ya sayar da ita. Ita kaɗai ce a unguwar ke faɗa masa magana ta kwana lafiya.

Yaron bayan Babbar Salla ya tare a ɗakin sama. An ce daga Cadi yake, ya zo karatun kasuwanci a ɗaya daga cikin makarantun nan da suka cika gari. Tsarinsu, da rana makaranta ta tura ɗalibi aiki a kamfani ana biyansa, da yamma ya dawo aji. Da abin da ake ba shi yake haya, da shi yake ci. Yakan fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo an rufe shaguna, yana jan ƙafa, laktaye a aljihu. Ba ya jin Wolof, yaren garin. Pa Latir kuma Faransancinsa na tashar jirgi ne, ɗaga nan, sauke can.

Ranar da suka fara haɗuwa tsohon na zaune a benci a ƙofar gida. Yaron ya fito da sauri, abin sauraro a kunne, ya ɗaga hannu ya wuce. Pa Latir ya kira shi. A nan ba a gaida mutum da hannu kamar ana korar ƙuda. Tsayawa ake yi, a tambayi sunan gidanku, a yi ta maimaita shi, sannan a shiga tambayar lafiya. Ya tambaye shi sunansa. Yaron ya zare abin kunne ɗaya, idonsa na kan titi inda bas ke lodi.

"Kiristof, Papa."

"Na ubanka nake tambaya."

Bai gane ba. Ya yi murmushi, ya ɗan rusuna, ya ruga. Da yammacin ranar, a bencin ƙofar masallaci, Pa Latir ya yanke hukunci: arne ne, kuma ba a ba shi tarbiyya ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Ba a saba musanta maganar Latir Fay ba.

Ranar Lahadi, da babu aiki babu aji, yakan jiyo yaron a sama yana magana shi kaɗai da wata murya mai laushi irin ta Turawa, ya yi dariya, ya tsaya, ya sake maimaita maganar da dariyar daidai yadda ya yi da farko. Filomen ta ce aikinsa yake bita. Pa Latir ya ce aikin da sai an koyi dariyarsa ba aiki ba ne.

Sai maganar buta. Ruwan famfo a Gran Yof cikin dare yake zuwa, kafin asuba ya ɗauke. Pa Latir yana da butar roba mai ratsin kore da fari, yakan cika ta ya ajiye a gindin famfo don alwalar asuba. Ya fara tarar da ita an rage. Ya zargi yaran gida, ya zargi Filomen. Ta ce uwargijiya ba ta taɓa kayan bawa, ya bincika ko shi ke tashi ya shanye ya manta.

Wata asuba a farkon damina ya riga lokacinsa tashi. Ya tarar da yaron tsugune a gindin famfo, ya naɗe hannun riga, ya jefa laktaye ta kafaɗa. Pa Latir ya tsaya daga cikin ɗaki, ƙofa a ɗan buɗe, ya gani da idonsa. Ya ga ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa ya fyace, ya wanke fuska, ya wanke hannu har gwiwa, ya shafi kai da kunnuwa. Yana tsiyayar ruwan kaɗan-kaɗan, irin na wanda ya san ba nasa ba ne. Ya wanke ƙafar dama. A nan ne zuciya ta ɗebi tsohon. Ba don ruwan ba kawai. Abin da ya gani ya ƙaryata abin da ya faɗa a gaban dattawa, kuma wanda ko gaisuwa bai iya ba ne ya ƙaryata shi. Ya taka ya fizge butar.

Yaron ya miƙe, ƙafa ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe. Ya ce, "Yi haƙuri, Papa." Ya hau sama a haka.

Daga ranar a bayan ƙofar Pa Latir butar ke kwana. Da aka sake tada zancen yaron a benci, ya maimaita abin da ya faɗa da farko, bai rage ko kalma ba. Ya gaya wa kansa cewa a ƙasashen can kowa na kwaikwayon kowa. Ya kuma gaya wa kansa cewa mai salla a masallaci ake ganinsa, ko da ranar Juma'a ce.

Damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a lunguna, sauro ya yi yawa. Filomen ce ta fara lura. Takan ajiye masa shinkafa da kifi a ƙofa ranar Lahadi, kwanon ya dawo a wanke. Sai ya fara dawowa da abinci a ciki. Ta tare shi a matakala ta taɓa goshinsa, ta ce ya tafi asibiti. Ya ce in ya yi fashi a wurin aiki makaranta ba za ta karɓi zangon ba, sai ya sake daga farko, kuma babu mai ɗaukar masa nauyin wata shekarar. Ya ce saura kaɗan ya gama, in ya gama zai je. Ya sayi ƙwayar ciwon kai a kanti, ya ci gaba da fita.

Ganin ƙarshe da Pa Latir ya yi masa, yana dawowa daga sallar magariba ne. Ranar yaron bai je aji ba. Yana zaune a matakalar ƙasa, takalmi a hannu, haƙoransa na haɗuwa. Leɓensa ya bushe ya tsage. Yana kallon famfo, famfo kuwa ko ɗigo babu. Tsohon ya tsaya a gabansa yana jiran gaisuwa, domin ƙarami ke fara gaida babba. Yaron ya ɗaga yatsu kaɗan daga kan gwiwarsa, ya mayar. Pa Latir ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Butar tana nan a bayanta, cike.

Washegarin ɓalle ƙofar wata yarinya ta zo gidan, siririya, jaka a kafaɗa, idonta ya kumbura. Sunanta Orneli, 'yar Gabon, ajinsu ɗaya da mamacin, wurin aikinsu ɗaya. Filomen ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, tana juya maganarta zuwa Wolof don masu sauraro. Pa Latir na bakin ƙofarsa da carbi.

Filomen ta gaya mata ta kwantar da hankali, ta riga ta yi magana da limamin cocinsu, za a yi wa Kiristof addu'a yadda ya kamata. Yarinyar ta ɗago.

"Mama, ba sunansa ba ne."

Ta yi bayani a gajiye. Aikinsu kiran waya ne. Suna zaune a Dakar suna kiran mutanen Faransa, suna tallar inshora. Tsofaffin can in suka ji sunan da ba su saba ba sai su kashe waya, don haka ranar farko ake raba wa kowa suna. Ita Kamil ce a can. Akwai wani Usmanu da ya zama Filip. Tun safe har yamma kana cewa ni ne wane, ni ne wane, har bakinka ya riga ka. Ita kanta ta taɓa amsa wa mahaifiyarta waya da Kamil. Sunansa na fasfo Jimadum Najitan.

Aka tambaye ta, to Musulmi ne ko Kirista. Ta ce ba ta sani ba. Ba mai hira ba ne, kuma babu mai ƙarfin hira a cikinsu. Lokacin cin abinci yakan hau saman ginin shi kaɗai, suna zaton barci yake zuwa yi. Juma'a kuwa ranar aiki ce kamar kowace, agogon Faransa suke bi. Sunan bai nuna komai ba. Aka hau ɗakinsa aka duba. Babu darduma, babu carbi, babu gicciye. Riga ce dai a ƙusa, da littattafan makaranta.

Ofishin jakadancin ƙasarsu ya turo mutum, mai kwat da gumi. Ya ce lambar da makaranta ke da ita ta wanda ya yi wa yaron takardu a Njamena ce, shi ma bai san shi sosai ba. Ƙauyensu yana kudu, bayan garin Sar. Da damina hanya ba ta biyuwa, waya ba ta shiga. Can kuwa gida ɗaya sai ka sami wa a coci, ƙane a masallaci. An aika saƙo, Allah kaɗai ya san ranar da zai isa. Ofis ba shi da halin mai da gawa gida. In maƙwabta sun yarda su binne shi bisa addininsa, za a sa musu hannu. In ba haka ba, asibiti ba ta riƙe gawa har abada. Hukumar gari za ta kwashe shi tare da waɗanda ba a san su ba, rami ɗaya.

Bisa addininsa. Mutumin ya goge gumi ya tafi, ya bar su da wannan.

Ranar Pa Latir bai ci abinci ba. Filomen ta leƙo ta tambaya ko bawa ya fara raina girkin uwargijiyarsa ne. Ya san abin da ke jiransa. Mutumin da ke wanke matattun unguwa, mai gurbi a sahun farko bayan liman, ya ƙwace ruwa daga hannun mai alwala, sannan ya je ƙofar masallaci ya kira shi arne yana sane. Ba irin maganar da ake mantawa ba ce a Gran Yof. Da ita za a binne shi. In kuma ya yi shiru, babu wanda ya gani, babu wanda zai taɓa sani.

Bayan la'asar Liman Kebe ya zo gidan da 'yan dattawa. Aka fito da kujeru. Liman ɗan cikin Pa Latir ne a shekaru, mai sanyin magana. Ya ce ba zai ƙi sallatar baƙo ba, amma ba zai ƙwace ɗan mutane daga addinin iyayensa da zato ba. Shaida ɗaya ta ishe shi. Akwai wanda ya taɓa ganinsa yana salla, ko ya ji ya yi kalmar shahada, ko da salati ne don tuntuɓe?

Mai kanti ya ce burodi da madara yake saye, ba ya magana. Wata mata ta ce ta taɓa jin ya ce insha Allahu, aka ce ai Filomen ma tana faɗa. Dudu tela, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce a daina wahala, ga wanda ɗakinsa ke kallon matakala, kuma tun tuni ya gaya musu ko wane ne yaron. Duk aka dubi Pa Latir. Ya ci gaba da jan carbi.

"To ku ba ni shi," in ji Filomen. "Ban san ko namu ba ne. Amma ba zan bari a zuba shi a rami kamar shara ba. Fada ya ce zai tsaya a kansa. In mun yi kuskure, Allah ya san nasa."

Liman ya ce wannan magana ce ta mai hankali. Ya dubi dattawa, babu mai ja. Ya ɗaga hannu zai shafa fatiha a tashi.

"Da butata yake alwala."

Pa Latir ne. Bai ɗaga kai ba. Liman ya sauke hannu.

Dudu ya yi 'yar dariya. "Haba Pa, buta ai har ban ɗaki ana shiga da ita."

"Alwala na ce. Kai tela, ka fi ni sanin alwala ne?"

Ya ajiye carbin a cinya. Ya faɗi abin da ya gani daki-daki, kamar mai koya wa ɗan yaye: baki, hanci, fuska, hannu, kai, kunne. Ya ce yaron bai tsallake komai ba, bai sa na baya a gaba ba. Wanda ya koya masa ya iya.

"Ya wanke ƙafar dama."

Liman ya jira. "Ta hagu fa?"

"Na ƙwace butar."

Ragon maƙwabta ya yi kuka daga saman bene. Liman ya tambaya yaushe ne, ya ce farkon damina. Dattawa suka dubi juna, kowa na tuna abin da aka faɗa a benci bayan farkon damina, da bakin da ya faɗa. Dudu ya buɗe baki, Pa Latir ya riga shi.

"Na faɗa. Bayan na gani na faɗa. Ba sai ka tuna min ba."

Liman ya tambaye shi ko ya tsaya a kan wannan shaida har gaban Allah. Ya ce ya tsaya. Liman ya ce shi ke nan, gobe da hantsi a ɗauko yaron, a sallace shi bayan azahar, a kai shi maƙabartar Yof. Sannan ya ƙara, yana kallon ƙasa, cewa Pa ya gaji kwanan nan, ladan zai iya yin wankan.

"Ni zan yi."

"Pa, ai ba..."

"Wannan ni zan yi. Na gaba ku ba wanda kuka ga dama."

Mutane suka watse, ba a yi doguwar sallamar da aka saba ba. Filomen ta shiga tattara kujeru. Da ta zo kusa da shi ta tsaya. Ya jira zagi irin nasu, har ya shirya amsa.

"Duk Lahadi ina kiransa coci, yana ce min ya gaji," ta ce. "Kana jina ta taga." Ta ɗauki kujerar da ke gefensa. "Yau ba ni da wasan da zan yi da kai, Latir."

Tun da ta tare a gidan ba ta taɓa kiran sunansa haka tsirara ba. Da magariba ya tafi masallaci, ya tarar da gurbinsa na sahun farko a buɗe, an bar masa kamar kullum. Ya tsaya a sahun baya, kusa da takalma. Babu wanda ya juyo ya kira shi.

Da safe ya tare Orneli a ƙofar gida. Ta zo da kayan aiki a jikinta, daga nan za ta wuce, rabin yini kawai aka ba ta. Ya sa ta faɗi sunan, ya maimaita, ta gyara, ya sake. Harshensa ya yi nauyi a kan sunan uban. Ta ce ya yi. Ya ce bai yi ba, ta sake faɗa.

Filomen ta fito da saƙaƙƙen zane baƙi mai ratsin fari, irin na ƙasarsu, wanda ta ajiye a ƙasan akwati don ranar tata jana'izar. Ta wuce Pa Latir ta miƙa wa ladan. Ta ce a rufa a kan makara, kada ɗan mutane ya ratsa gari kamar ba shi da uwa.

Ɗakin wankan yana bayan masallaci, ƙarami, da dakalin siminti da magudana. An kwantar da yaron, an rufa masa ƙyalle daga cibiya zuwa gwiwa. Sanyin asibiti bai sake shi ba. Ya rame fiye da yadda riga ke nunawa. A gefen kunnensa fata ta yi kanta, inda abin waya ke zama yini guda.

Ladan ya jera bokitai, ya jiƙa kafur. Pa Latir ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya yi abin da ake fara yi. Da aka zo alwala ladan ya miƙo moɗa. Tsohon ya girgiza kai, ya jawo butarsa daga bakin ƙofa. Ruwan da ke cikinta na magaribar nan ne da ya wuce yaron a matakala, bai taɓa shi ba tun ranar.

Ya sunkuya daidai kunnen yaron, ya gaida shi yadda ake gaida mutum.

"Najitan," ya ce. "Najitan. Najitan."

Ladan ya kau da kai.

Ya wanke hannuwan. Ya jiƙa yatsa ya shafi leɓen nan da ya tsage, sai hanci, sai fuska, damtse, kai, kunnuwa. Yana tsiyayawa kaɗan-kaɗan. Ya wanke ƙafar dama. Ya zagaya dakalin a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗauki ta hagun ya ɗora a tafin hannunsa. Ya bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya bi idon sawu, ya bi dunduniya. Ladan ya ce a hankali, ai ta wanku, Pa. Ya ci gaba da karkata butar, ruwan na bin dunduniyar yana sauka a siminti, har ta daina zuba, sai ɗigo.